Hisabin Ka da Hisabin Daftari, Daga Zangon Keffi Zuwa Kasuwar Agwada

Duk wanda ya bi tarihin fataucin ƙasar Hausa da idon basira, tun daga zamanin da ayari ke tashi daga Kano da Zazzau ya gangaro kudu ta Keffi har ya sha ruwan Binuwai a Loko, zai tarar cewa bayan 'yan fashi da kuɗin fito da sarakunan hanya ke karɓa, babu abin da ya fi damun fatake kamar hisabi, wato sanin wa ke bin wa, nawa ne, yaushe ne wa'adi, kuma a bakin wa gaskiyar magana take idan jayayya ta taso. Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Sarkin Zazzau, ya yi arziki ne albarkacin zamansa a bakin wannan hanya, inda kanwa da gishiri da dawaki da rinannun tufafin arewa ke haɗuwa da hauren giwa da hajar Turawa da ke hawowa daga kogi, da kuma bayi, waɗanda ba ya halatta ga mai rubuta tarihi ya ɓoye ambatonsu. Bajamushe Gerhard Rohlfs ya sauka a garin a 1867, ɗan ƙasarsu Paul Staudinger ya ratsa shi a 1885 a kan hanyarsa daga Loko zuwa Zazzau da Kano, dukansu kuwa kasuwa mai rai suka tarar. Garuruwan da ke kudu da Keffi, irin su Agwada da ke cikin ƙaramar hukumar Kokona a yau, a ƙasar Afo da Gwandara, sun ɗanɗani wannan zamani da zaƙinsa da ɗacinsa, domin hanyar da ta kawo musu gishiri ita ce ta kawo musu mahara.

Asalin wahalar hisabin daga kuɗin kansa take. Wuri ne kuɗin ƙasa, shi kuwa wuri nauyinsa ya fi darajarsa. Lokacin da Heinrich Barth ya zauna a Kano a 1851, liyari guda na azurfa wuri 2,500 yake, keso guda kuwa, wanda ya ƙunshi wuri 20,000 kuma ya ishi ɗan dako kaya, bai wuce liyari 8 ba. Daga baya da 'yan kasuwar Hambug suka riƙa jibgo wurin Zanzibar a gaɓar tekun yamma, sai darajarsa ta ci gaba da zubewa, har ya zama wanda ya ɗauki dukiyarsa wuri tsintsa ya kama doguwar hanya, abincin 'yan dako da kuɗin fito suna iya cinye rabo mai yawa daga cikinta kafin ya kai inda ya nufa. Saboda haka manyan fatake suka gwammace dukiya ta yi tafiya a siffar haja, abin da ya saura tsakaninsu na ragi da ƙari kuma ya zauna bashi, a riƙe shi a hisabi har ayari ya komo.

To, ina wannan hisabi yake zaune? Mafi yawansa a kan mutane yake, kuma ba kan mutum guda ba. A kowane zango akwai maigida, wanda wasu ke kira fatoma, mai saukar da baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalansa, ya tsaya musu lamuni idan an sayar bashi, ya karɓi la'ada. Kowane maigida yana da baƙinsa da suka saba sauka wurinsa, wani lokaci tun daga iyaye, yana kuma da masu sayen da ya san halinsu ciki da bai, wanda ke biya a kan wa'adi, da wanda sai an yi masa sintiri, da wanda kasuwa ta fara juya wa baya alhali shi kansa bai yarda ba tukuna. Babu maigidan da ya san hisabin zango duka, balle na hanya duka daga Kano zuwa Loko ko zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja inda ake saro goro. Amma idan aka tattara abin da ke kan kowannensu, hisabin ya cika, kuma duk wanda ke cikin sana'ar ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa idan maganar wane yake nema. Wannan rabon aiki shi ya sa ciniki ke ƙullewa cikin ɗan lokaci a tsakiyar kasuwa, domin dillali ba ya bukatar a buɗe littafi kafin ya ce a sallama, amsar tana bakin maigidansa.

Akwai wata hikima a cikin tsarin wadda ta cancanci a dakata a kanta. Falken da ke Zazzau, idan yana son a biya wani daga cikin kuɗinsa da ke hannun maigidansa na Keffi, ba ya aikawa a kawo masa kuɗin ko lissafinsu ya duba ya rage sa'an nan ya mayar. Saƙo yake aikawa, ta bakin amintaccen yaro ko a wasiƙa, cewa a ba wane kaza daga abin da ke hannunka, in ya kai. Maigida kuwa, da yake shi kaɗai ke riƙe da wannan hisabi, shi zai duba ko ya kai ɗin, ya zartar, ya gyara lissafin a kansa nan take. Da saƙo biyu za su iso masa rana ɗaya, kowanne na neman kuɗin da ba za su ishi duka biyun ba, ba zai ruɗe ba, domin ɗaya bayan ɗaya zai saurare su, na farko ya samu, na biyu a ba shi haƙuri. Umarni ne ke tafiya inda hisabi yake, shi hisabin yana zaune wuri ɗaya, kuma da wannan ne aka tsira daga fitinar biyan mutum biyu da kuɗi ɗaya.

Sai dai kan ɗan Adam ma'aji ne mai rauni. Mantuwa tana shigarsa, son zuciya yana karkatar da shi, ajali kuma yana ɗauke shi ba sallama. Maganin farko da aka yi wa wannan rauni shi ne shaidu, domin ba a ƙulla cinikin bashi mai nauyi sai a gaban mutane, ta yadda abin da ke kan maigida yana kuma kan dillali da kan wani dattijon zango, in ɗaya ya faɗi saura su riƙe. Magani na biyu shi ne alƙalami. Babban ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba da uban dawaki da kuma malamin ayari, wanda bayan limanci da addu'a da duban ranar tashi, shi ke rubuta wasiƙu da abin da ya kamata a rubuta na kuɗi. Rubutun ba ya bin kowane ciniki a sa'ar da aka ƙulla shi, sai an natsu, da dare ko a ƙarshen zango, a tattara abin da ya wakana a zuba a takarda a taƙaice. Tsakanin ƙulla ciniki da rubuta shi akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ne dukiyoyi suka sha salwanta, musamman idan mutum ya cika a hanya, aka zo gaban alƙali rabon gado, inda shari'a ta wajabta a fitar da bashi kafin magada su taɓa kome, sai a tarar mai bin bashi ba shi da takarda, shaidunsa kuma ɗaya yana Gwanja ɗaya ya riga mu gidan gaskiya.

Malaman fiƙihu ba su jahilci wannan mas'ala ba, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kanta ta sauka. Ta yi umarni da rubuta bashin da aka yanka wa wa'adi da kafa masa shaidu, sa'an nan ta yi rangwame ga cinikin hannu da hannu da ake gamawa nan take, cewa babu laifi idan ba a rubuta shi ba. Ayar da ke biye kuma ta kawo jingina ga matafiyan da ba su sami marubuci ba. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin rubutun a matsayin mustahabbi, wasu kaɗan suka ce wajibi ne. Abin lura a nan shi ne rarrabewar da aka yi tsakanin mu'amalar da hatsarinta ke ƙarewa a majalisin ciniki da wadda hatsarinta ke bin mutum wata da watanni, aka sauƙaƙa wa ta farko domin kada kasuwa ta tsaya, aka tsananta wa ta biyu domin kada haƙƙi ya ɓace.

Kada mai karatu ya zaci wannan tsari ya mutu da zuwan Turawa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan a 1962 da 1963, ya tarar ana sayar wa mahautan Yarabawa shanun arewa bashi, bisa lamunin masu gidaje, ba tare da takardar yarjejeniyar da za a kai kotu ba, jarin maigida kuwa shi ne sanin halin kowane mahauci a wannan mako, ba a makon jiya ba. Nan ma wani rauni ya bayyana, wato tsufan labari. Mahauci yana iya karyewa da safe, maigidan da labari bai iske ba ya sallama masa shanu da yamma bisa sanin da ya riga ya ruɓe, shi ya sa yaran masu gidaje ba su da aikin da ya fi yawo tsakanin kara da mahauta suna sabunta abin da aka sani.

Daular daftari ta soma ne da cin ƙasa. Kisan da Magaji Ɗan Yamusa ya yi wa Bature Kyaftin Moloney a Keffi cikin Oktoba 1902, da karɓar da aka yi wa Magajin a Kano, suna cikin hujjojin da Lugard, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya kafa na kai wa Kano yaƙi a Fabrairu 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, wajen 1911 aka tsara baitulmali a masarautu, inda ma'aji da malamansa ke rubuta kowane sule na haraji da jangali, a 1912 kuma aka kafa hukumar buga kuɗin Afirka ta Yamma. Wata rana a 1929, a reshen Bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano, Alhassan Ɗantata, wanda ya taso cikin fataucin goro na Agalawa, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20, kuma ana iya ɗaukar wannan rana a matsayin ranar da babban hisabin ka ya miƙa wuya ga daftari. Daftarin banki ba ya mantuwa, ba ya mutuwa, amma fa guda ɗaya ne, a reshe ɗaya yake, akawu ɗaya ke iya rubutu a shafinsa a lokaci guda, saboda haka aka sayi tabbaci da jinkiri. Mutumin Agwada da ya buɗe asusu sai ya wanke ƙafa ya tafi Keffi, ya bi layi da ɗan littafinsa, kuma ko shirin kai bankuna karkara da Babban Bankin Nijeriya ya fito da shi a 1977 bai kawo daftarin kusa da mafi yawan manoma ba.

Da kwamfuta ta zo, daftarin ne aka fara zubawa a cikinta. A 1956 kamfanin IBM ya fitar da na'urar farko mai ajiye bayani a faifan maganaɗisu, faya-fayai 50 da ke ɗaukar haruffa miliyan 5 kacal. A 1970 Edgar Codd ya shimfiɗa ƙa'idar jera bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, wadda rumbunan bayanan bankuna ke tafiya a kanta har yau. Masana irin su Jim Gray suka tsayar da sharuɗɗan ciniki ingantacce, cewa ko dai ya auku gaba ɗaya ko kada ya auku sam, kada a cire daga asusun wane ba a zuba a na wane ba, kuma abin da aka ce ya tabbata ya tabbata ko da wuta ta ɗauke bayan ƙiftawar ido. Amma tsohuwar cuta ta biyo daftari cikin sabon gidansa. Kwamfuta tana da ma'aji iri biyu, ƙwaƙwalwar aiki wadda ke amsawa cikin kimanin kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa amma tana shafewa da zarar wuta ta yanke, da faifai wanda ke riƙe abu shekara da shekaru amma sai ya ci kimanin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa kafin allurarsa ta kai inda ake nema. Bambancin ya kai ninki 100,000, wato da ɗauko abu daga ƙwaƙwalwa zai ci daƙiƙa guda, ɗauko shi daga faifai zai ci fiye da yini da kwana. Sababbin ma'adanai marasa juyawa sun rage wannan rata ƙwarai, amma ba su shafe ta ba. Tun a 1987 Gray da abokin aikinsa Gianfranco Putzolu suka yi lissafi bisa farashin wancan lokaci suka ce duk bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya cikin minti 5, ya fi araha a bar shi a ƙwaƙwalwa.

Intanet ce ta mayar da wannan shawara larura. A 2003 wani saurayi Ba'amurke, Brad Fitzpatrick, da ya ga rumbun bayanan dandalinsa na LiveJournal yana nishi saboda yawan jama'a, ya rubuta manhajar Memcached, wadda ke haɗa ƙwaƙwalwar kwamfutoci da yawa ta zama ma'aji ɗaya na kusa, a ajiye amsoshin da aka fi nema a ciki, kada a dami rumbu sai abin da ba a samu ba. Bayan shekara 10 injiniyoyin Facebook suka bayyana cewa nasu gungun yana amsa buƙatu biliyoyi a kowace daƙiƙa. Yadda ake rabon kuwa shi ne, a ɗauki lambar asusu ko sunan abu a yi mata wani lissafi tsayayye da ke fitar da lambar gurbi, kowane gurbi kuma an san kwamfutar da ke riƙe da shi. Manhajar Hazelcast, wadda Baturke Talip Ozturk ya fara a 2008, tana kasa bayanai gurbi 271 in ba a sauya mata ba. Redis, wadda Salvatore Sanfilippo mutumin tsibirin Sisili ya fitar a 2009, gungunta gurbi 16,384 ne. Kowane gurbi yana da mai riƙo na asali da mataimaki a wata kwamfuta dabam, wanda ake sanar da shi duk canjin da aka yi, domin in ta farko ta mutu ta biyu ta hau matsayinta, a kuma naɗa mata sabon mataimaki. Mai karatu zai gane masu gidajen zango da shaidunsu ba sai an nuna masa da yatsa ba.

Matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma shi ne ya raba ma'ajin kusa na farko da abin da ya biyo baya, shi ne gudanar da aikin kansa a cikin gungun. A tsarin farko, manhajar banki ko ta kanti tana zaune a wata kwamfuta, ta aika a kawo mata abin da ke asusu, ta rage, ta mayar. A ƙaddara asusu yana da naira 50,000, aka zo cire 30,000 daga wuri biyu a daƙiƙa ɗaya. Kowane ɓangare ya karanta 50,000, ya ga ta isa, ya biya, ya rubuta saura 20,000, ga shi an fitar da 60,000 daga inda babu su. Ana iya hana wannan da kulle asusun har a gama, amma kullewa da buɗewa ta hanyar waya tafiya ce da komowa, kuma jinkirin da aka gudo shi ne ke dawowa ta taga. Sai kamfanoni irin su Tangosol, mai manhajar Coherence wadda Oracle ya saye a 2007, suka juya al'amarin, suka ce a aika ɗan guntun umarni zuwa kwamfutar da ke riƙe da asusun, ta duba, ta rage, ta sanar da mataimakiyarta, ta dawo da amsa kawai, tana bin umarnan da suka shafi asusu ɗaya bi da bi. Redis ta samu irin wannan dama a 2012 ta hanyar harshen Lua, Apache Ignite kuma, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2015, an gina ta ne a kan wannan manufa. Haka kuma idan jimillar asusu miliyan ake nema, ba a kwaso su wuri ɗaya, kowace kwamfuta ta tara nata kason ta aiko da adadi guda, a haɗa. Hukumar jiragen ƙasa ta Sin ta koma ga irin wannan tsari, da manhajar GemFire, domin sayar da tikiti a lokacin bikin sabuwar shekararsu, sa'ad da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke neman kujera cikin 'yan makonni.

Saura maganar alƙalami, wato yaushe abin da ke ƙwaƙwalwa zai sauka a rumbu mai ɗorewa. Hanya biyu ce, kuma masu sana'ar sun daɗe suna saɓani a kan inda kowace ta dace. Ta farko rubutun nan take, ba za a ce wa mai ciniki an gama ba sai rumbu ya amsa cewa ya rubuta. Wannan ta fi aminci, amma gungun duka yana tafiya ne da saurin rumbun. Ta biyu rubutun jinkiri, a amsa wa mai ciniki da zarar mai riƙo da mataimakinsa sun yarda, canje-canjen su yi layi, bayan 'yan daƙiƙoƙi a zuba su a rumbu dami guda, har ma in asusu ɗaya ya canja sau 10 a rubuta na ƙarshe kaɗai. Saurinta abin mamaki ne, hatsarinta kuwa shi ne na falken da ya cika kafin malamin ayari ya jiƙa tawada, domin in wuta ta ɗauke wa mai riƙo da mataimaki tare, abin da ke layi ya tafi, alhali an riga an shaida wa mutane cewa cinikinsu ya tabbata. A ganina, masu tallar waɗannan manhajoji sun fi son a ji adadin cinikin da ake yi a daƙiƙa fiye da a ji wannan tazara, kuma wajibi ne ga duk wanda aka ba amanar kuɗin jama'a ya yi irin rarrabewar da fiƙihu ya yi tun tuni. Farashin da ake nunawa, da ƙidayar sau nawa aka gwada lambar sirri, da awon ko ciniki ya yi kama da na ɓarawo, duk suna iya zama a ƙwaƙwalwa, in sun ɓace a sake gina su. Amma abin da ya zama haƙƙin wani a wuyan wani, a fara rubuta shi a jerin aukuwa a faifai, layi bayan layi, wanda shi ne rubutu mafi sauri da faifai ke iyawa, kafin a ce wa kowa an gama.

Akwai kuma fitinar yankewar hanya. Idan wayar da ta haɗa kwamfutocin ta tsinke gungu ya rabu biyu, kowane ɓangare yana iya zaton ɗayan ne ya mutu, ya naɗa kansa mai riƙo, a wayi gari asusu ɗaya yana da masu gida biyu da lissafi biyu. Eric Brewer ya faɗa a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da hujjar lissafi a 2002, cewa a lokacin irin wannan yankewa dole a zaɓi ɗaya, ko a ci gaba da amsa wa kowa a yarda lissafi ya saɓa, ko a kiyaye lissafi a ƙi amsa wa wasu. Masu harkar kuɗi galibi na biyu suke zaɓa, bisa ƙa'idar rinjaye, ɓangaren da ya fi rabi ya ci gaba, ƙaramin ya kame bakinsa, dalilin da ya sa ake son adadin masu yanke hukunci ya zama mara, 3 ko 5. Ba tatsuniya ba ce, domin a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, hidimar bankuna da dama a Nijeriya ta tsaya ko ta yi ɗingishi.

Ta wannan doguwar hanya ce hisabi ya komo kusa da manomin Agwada. Wayar salula ta shigo a 2001, Interswitch ya fara haɗa bankuna a 2002, gyaran da aka yi a zamanin da Charles Soludo ke shugabantar Babban Banki ya mayar da bankuna 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, hukumar sasanta kuɗi tsakanin bankuna ta NIBSS ta buɗe tura kuɗi nan take a 2011, a 2013 aka fitar da ƙa'idojin wakilan banki, a 2014 aka soma lambar BVN. Daga nan ne mai POS ya fito da laimarsa da teburinsa a bakin kasuwa da tasha, ya zama shi ne reshen da garin bai samu ba, mai saro doya ko riɗi ya tura, alat ya shigo, a ɗaure kaya. Gwaji mai tsanani ya zo a farkon 2023, bayan sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka yi a Oktoba 2022, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, kowa ya afka wa tura kuɗi ta waya a lokaci ɗaya, rumbuna suka cushe, aka kuma ga wasu sababbin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint sun samu karɓuwa saboda cinikinsu ya fi saurin wucewa.

A wannan lokaci ne kowa ya haddace maganar nan, an cire amma bai shiga ba. Abin da ke faruwa shi ne ciniki ɗaya yana ratsa daftari uku ko huɗu, na bankin mai turawa, na mai haɗa bankuna, na bankin mai karɓa, wani lokaci da na kamfanin na'urar, kowanne da nasa ma'ajin kusa da nasa rumbun. Na farko ya rubuta ya cire, saƙo ya maƙale a hanya ko amsa ta makara har wa'adin jira ya ƙare, na ƙarshe bai rubuta kome ba. Kuɗin suna nan a wani asusun tsaka-tsaki, ana jiran a gwada daftari da daftari a ga inda suka saɓa. Babban Banki ya yanka wa wannan gwaji wa'adi tun Yuni 2020: cirewar da ta gaza a na'urar bankin mutum a mayar nan take, ko cikin awa 24 in sai da hannu za a yi, ta na'urar wani banki cikin awa 48, rigimar POS kuwa a warware ta cikin awa 72. Kafin wa'adin ya cika, mai POS na kasuwa yakan buɗe ɗan littafinsa ya rubuta sunan mai kuɗi da adadi da lambar cinikin da ke jikin rasit, ya kira maƙwabcin teburinsa ya shaida, in kuwa mutumin sananne ne a gari ya ba shi kuɗin ya tafi, sai alat ya shigo a soke layin.